TUDN: Tashar wasannin da ƴan ci-rani suka raya a Amurka da harshen Sifaniyanci

A watan Oktoban 2011, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya FIFA ta sayar da haƙƙin nuna gasar cin kofin duniya ta 2018 da ta 2022 a Amurka kashi biyu. Kamfanin Fox ya biya sama da dala miliyan 400 don ya nuna wasannin da Turanci. Tashar Telemundo kuwa ta zube kimanin dala miliyan 600, abin da ya haura sefa miliyar 280 a canjin wancan lokaci, don ta nuna su da Sifaniyanci. Wato a ƙasar da Turanci ke da rinjaye, sharhin ƙwallo da harshen baƙi ya fi tsada.

Wadda ta sha kaye a wannan ciniki ita ce Univision, tashar da ta riƙe kofin duniya a hannunta tun shekarun 1970. Ba a cika wata shida ba, ranar 7 ga Afrilun 2012, ta buɗe tasha ta musamman da ba ta nuna komai sai wasanni, dare da rana. Wannan tasha ce a yau ake kira TUDN.

Waɗanda ake yi wa sharhin

Ƙidayar jama'ar Amurka ta 2020 ta nuna cewa mutum sama da miliyan 62 ƴan asalin ƙasashen Latin Amurka ne ko zuriyarsu, kusan mutum ɗaya cikin biyar ke nan. Kimanin kashi 60 cikin ɗari na wannan adadi tushensu Meksiko ne, kuma sama da mutum miliyan 40 na magana da Sifaniyanci a cikin gidajensu. Su ne da yawa daga cikin magina, ma'aikatan gonaki, masu dafa abinci a gidajen cin abinci da direbobi a jihohin Kalifoniya, Texas, Florida da New York.

Wannan jama'a ta iso Amurka da ƙwallon ƙafa a zuciyarta, a lokacin da manyan tashoshin Turanci ba su ɗauki wasan da muhimmanci ba. Wanda ya baro Guadalajara ya sauka Los Angeles bai daina goyon bayan ƙungiyar Chivas ba, kuma ɗansa yakan gaji ƙungiyar kamar yadda ake gadon sunan gida. Wannan riƙon ne kamfanonin talabijin suka gano cewa kuɗi ne.

Daga San Antonio aka fara

Tarihin ya soma ne a 1955 a birnin San Antonio na jihar Texas, inda wani ɗan kasuwa mai suna Raoul Cortez, wanda tun 1946 yake da gidan rediyon Sifaniyanci, ya buɗe tashar talabijin ta KCOR. Tashar ta sha wahala, domin yawancin akwatunan talabijin na lokacin ba sa kama zangon da take watsa shirye-shirye a kai. A 1961 ya sayar da ita ga wasu ƴan kasuwa, cikinsu har da attajirin Meksiko Emilio Azcárraga Vidaurreta, wanda daga kamfaninsa ne Televisa ta samo asali. Shekara guda bayan haka suka kafa gamayyar tashoshi mai suna SIN, wadda ke kwaso fina-finai, labarai da wasanni daga Meksiko.

Dokar Amurka ta taƙaita kason da baƙo zai mallaka a tashar watsa labarai. A 1986 aka yanke hukuncin cewa iyalan Azcárraga ne ke juya tashoshin ta bayan fage, abin da ya tilasta sayar da su ga kamfanin Hallmark. A 1987 aka sauya sunan zuwa Univision. Televisa ba ta yi nisa ba, domin a 1992 ta dawo a matsayin mai hannun jari, ta kuma ci gaba da zama babbar mai samar wa tashar shirye-shirye.

Ihun da ya tsallaka harshe

Gasar kofin duniya ta 1994, wadda Amurka ta karɓi baƙunci, ita ce ta fito da Univision fili. Mai sharhinta Andrés Cantor, haifaffen Ajantina, yakan ja kalmar “gol” har sai numfashinsa ya kusa ƙarewa. Salon ba nasa ba ne, tsohuwar al'ada ce ta gidajen rediyon Kudancin Amurka tun shekarun 1940, amma yawancin Amurkawa a bakinsa suka fara jin sa. Kafin a kammala gasar, har tashoshin Turanci na gayyatarsa hira.

Akwai kuma wani dalili da ya sa waɗanda ba sa jin Sifaniyanci ko kaɗan suka saba da tashar. A manyan birane ana kama Univision kyauta da eriya, ba sai an biya kuɗin wata ba. Baƙi daga Afirka da sauran sassan duniya da ke neman inda za su kalli ƙwallo ba tare da kashe kuɗi ba sukan tsaya a nan, tun da ƙwallo ba ta buƙatar tafinta.

Cantor ya koma Telemundo a shekara ta 2000. Duk da haka Univision ta ci gaba da riƙe gasar. A 2005 ta biya dala miliyan 325 don kofin duniya na 2010 da na 2014, yayin da ESPN da ABC suka biya dala miliyan 100 kacal don nunawa da Turanci. Gasar Barazil ta 2014 ce ta ƙarshe da ta nuna. A 2015 kuma FIFA ta ƙara wa Telemundo da Fox gasar 2026 ba tare da an buɗe ciniki ga kowa ba, matakin da masu lura da harkar suka danganta da mayar da gasar Katar zuwa ƙarshen shekara.

Rayuwa bayan kofin duniya

Lokacin da Univision Deportes Network ta fara aiki a 2012, ta tarar da wasu sun riga ta fage. Fox Deportes ta samo asali tun 1993 a Los Angeles, ESPN Deportes ta fara a Janairun 2004, ita kuma beIN Sports ta ƙasar Katar ta shigo Amurka a wannan shekara ta 2012. Abin da sabuwar tashar ta fi su da shi shi ne ƙwallon Meksiko.

Gasar Liga MX mai ƙungiyoyi 18 ta daɗe tana kan gaba wajen yawan masu kallo a talabijin ɗin Amurka, har takan zarce Firimiyar Ingila. Dalilan a bayyane suke. Magoya bayan suna nan da yawa, sannan ana buga wasannin da maraicen Juma'a, Asabar da Lahadi, lokacin da ma'aikaci ya dawo gida. Wasannin Turai kuwa sukan faɗo da safe ko tsakar rana saboda bambancin agogo. Ƙari a kan haka, gasar Meksiko na fitar da zakara sau biyu a shekara, a zangon Apertura da na Clausura, kowane da zagayen sili-ɗaya-ƙwale da ake kira Liguilla. Ga tashar talabijin, wannan na nufin wasan ƙarshe biyu a shekara da tallace-tallace ninki biyu.

Sai dai a Meksiko kowace ƙungiya ce ke sayar da haƙƙin wasannin gidanta da kanta, ba kamar Ingila ba inda ake sayarwa a dunƙule. Shi ya sa tashar take bin ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya tana ciniki, kuma wani lokaci ana ƙwace mata. A 2020 wasannin gida na Chivas, ƙungiyar da ba ta sa kowa a fili sai ɗan Meksiko, suka koma Telemundo.

Ranar 20 ga Yulin 2019 tashar ta haɗe da takwararta TDN ta kamfanin Televisa, aka raɗa musu suna guda, TUDN. Sunan na ɗauke da harufan farko na kamfanonin biyu, sannan “tu” a Sifaniyanci na nufin “taka”. Tun daga nan ake haɗa shirye-shirye daga Miami da birnin Meksiko. A ƙarshen Janairun 2022 kamfanonin suka kammala haɗewa a cinikin dala miliyar 4.8, suka zama TelevisaUnivision.

Abin da ake kallo a tashar

Bayan Liga MX da gasar matan Meksiko da aka fara bugawa a 2017, tashar na nuna wasannin tawagar ƙasar Meksiko da gasar Gold Cup ta yankin Arewacin Amurka da Karibiyan. Ta nuna Copa América ta 2016, inda Chile ta doke Ajantina a bugun fanareti, da ta 2024. Tun daga kakar 2018/2019 ta karɓi gasar zakarun Turai da Sifaniyanci, ta kuma nuna gasar ƙasashen Turai. A Fabrairun 2024 Univision ta nuna Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka da aka buga a Las Vegas.

Wasanni kai tsaye ba sa cika awa 24, don haka sauran lokacin na labarai ne da muhawara. Contacto Deportivo shi ne shirin labaran wasanni na kullum. Fútbol Central na share fage kafin a take leda. Línea de 4 zauren gardama ne, inda tsoffin ƴan wasa da ƴan jarida ke tsefe alƙalanci da zaɓin koci, sau da yawa murya a sama. Misión Europa kuwa na bin ƙwallon Turai, musamman inda ƴan Meksiko ke wasa.

Cikin fuskokin da aka sani da tashar akwai Hristo Stoichkov, tsohon ɗan wasan Barcelona da ya ci kyautar Ballon d'Or a 1994. Masu dogon tunani za su tuna yana cikin tawagar Bulgeriya da Najeriya ta lallasa da ci 3 da nema a Dallas a wannan shekarar. Akwai kuma Enrique Bermúdez, wanda ake wa laƙabi da El Perro, da ya yi ban kwana da sharhin kofin duniya bayan gasar Katar. A 2023 David Faitelson, ɗan jaridar da ya shafe shekaru a ESPN yana sukar Televisa, ya koma TUDN, lamarin da ya zama abin magana a Meksiko.

Mai tasha kuma mai ƙungiya

Sukar da ake yawan yi wa tashar ta shafi mallaka. Tun 1959 iyalan Azcárraga suka sayi Club América, ƙungiyar da ta fi kowace lashe gasar Meksiko, kuma su ne suka gina filin wasa na Azteca da aka buɗe a 1966. Magoya bayan sauran ƙungiyoyi sun daɗe suna zargin cewa mai sharhi ba zai iya faɗin gaskiya kan ƙungiyar maigidansa ba. A 2024 aka ware ƙungiyar da filin zuwa wani kamfani daban mai suna Ollamani, amma Emilio Azcárraga Jean, jikan wanda ya kafa gidan, shi ne a kansa. Da América ta ci kofi uku a jere tsakanin 2023 da 2024, gardamar ta sake tashi.

Ina kuɗin ke fitowa?

Hanyoyi uku ne. Na farko talla: kamfanonin waya, motoci, abin sha da masu aika kuɗi gida na biya don su isa ga wannan jama'a. Na biyu, kuɗin da kamfanonin kebul da tauraron ɗan adam ke biya kan kowane gidan da ke karɓar tashar. Wannan hanya na da rigima. Kamfanin Dish, wanda shi ne ya fara ɗaukar tashar a 2012, ya cire tashoshin Univision a tsakiyar 2018 saboda saɓani kan farashi, ba su dawo ba sai Maris na 2019. Masu kallo ne suka kwana a ciki na tsawon wata tara.

Hanya ta uku ita ce ViX, manhajar kallo ta intanet da kamfanin ya buɗe a Maris na 2022, mai ɓangaren kyauta da na biya. Gidajen Amurka na ta yanke kebul, don haka aka riƙa kwashe wasanni ana kaiwa ɓangaren biya. Magoya bayan da suka saba kallo kyauta sun yi ta ƙorafi, domin wanda ke son bin ƙungiyarsa duk kakar wasa yanzu sai ya biya wurare biyu ko uku. Manyan kamfanonin fasaha ma sun shigo kasuwar: daga 2023 Apple ya karɓi gasar MLS ta Amurka, wadda Univision ta daɗe tana nunawa, a yarjejeniyar da aka ƙiyasta kan dala miliyar 2.5.

Babbar damuwar kuwa ta harshe ce. Kusan kashi biyu cikin uku na ƴan asalin Latin Amurka da ke ƙasar a can aka haife su, kuma da yawa sun fi sakewa da Turanci. Tashar ta gwada tarar wannan tun 2017, lokacin da ta riƙa watsa wasannin Liga MX a Facebook da sharhin Turanci. Iyayen da ke renon ƴaƴa a ƙasar waje, ko daga Puebla suka fito ko daga Tahoua, sun san wannan matsala: yaro na son ƙungiyar babansa, amma yana son ya ji labarinta da harshen makarantarsa.

Kofin duniya na 2026

Gasar 2026 ta ƙasashe uku ce, Amurka, Meksiko da Kanada, da tawagogi 48 da wasanni 104. An sa wasan farko ranar 11 ga Yuni a filin Azteca, wanda ya karɓi wasan ƙarshe a 1970 da 1986, na ƙarshe kuma ranar 19 ga Yuli a New Jersey. A cikin Meksiko, TelevisaUnivision ce ke riƙe da haƙƙin nunawa. Da an tsallaka iyaka zuwa Amurka, haƙƙin Sifaniyanci na Telemundo ne. Wato ɗan Meksikon da ke Los Angeles, wanda TUDN ke kawo wa ƙwallon gida kowane ƙarshen mako, sai ya sauya tasha kafin ya ga tawagar ƙasarsa a filin da iyalan Azcárraga suka gina.