Awa 72: Gargaɗi ga Mutanen Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

Jama'a, a saurara. Akwai wata ɓarna da ke biyo sawun 'yan bindiga. Ba ta da rugugin babur. Cikin jini take tafiya, shirunmu kuma shi ke share mata hanya.

Mu fara da lissafi, kada a ce tsoratarwa ce. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙanjamau. Arewa maso yamma ce ta fi ƙaranci, kashi 0.6. Alhamdu lillahi. Amma wannan mutum shida ke nan a cikin dubu. Ka tsaya kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ka ƙiyasta dubu nawa ke kai da komo. Daga 2018 zuwa yau kuma, ƙauyuka nawa aka tasa? Mata nawa aka mayar zawarawa?

Haɗarin da ya fi gaggawa yana kan matan da aka ci wa zarafi, a daji, ko a gona, ko a hanyar itace. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta ce daga Janairu zuwa Afrilun 2021 ta karɓi mutum fiye da 100 da aka yi wa fyaɗe a Zamfara. Waɗanda suka iya zuwa ke nan. Akwai maganin da ke hana ƙwayar ƙanjamau kama jiki. Ana shan sa kwana 28. Sharaɗinsa ɗaya ne: a fara cikin awa 72. Kwana uku. Mu kuwa me muke yi? A shigar da wadda aka ci wa zarafin ɗaki. A dafa mata ruwan zafi. A ce a rufa asiri. Kafin dangi su gama shawarar wanda zai raka ta, wa'adi ya cika. Baba, Inna, kunyar kwana ɗaya a gaban malamar asibiti ba ta kai jinyar shekaru ba. Wadda ta yi makonni a hannun 'yan bindiga ma a kai ta, domin daga karo na ƙarshe ake ƙirga awoyin. Ko sun wuce, akwai maganin sanyi da tunjere, akwai rigakafin ciwon hanta. Yaro namiji ma haka, idan abin ya same shi.

Maigida, kai ma da kai ake. Gwajin makon farko ba ya yanke hukunci, don ƙwayar kan ɗauki har wata uku kafin ta bayyana a gwaji. Sai an maimaita. Kafin nan a yi amfani da kwaroron roba. Kada ka sake ta. Ba ta yi laifi ba. Saki kuma tura ta yake yi wani gidan, ba gwaji, ba magani.

Sai aure. Zawarawa sun yi yawa, ana ɗaurawa cikin sauri don a rufa wa marayu asiri. Niyyar mai kyau ce. Amma mutum yakan yi shekaru da ƙwayar a jikinsa, ƙato da shi, yana noma, yana cin kasuwa. Ido ba ya ganewa. Gida mai mata uku, idan ɗaya ya shigo da ita, mutum huɗu ne a layi, ban da goyo. Jihar Kano ta sa hannu kan dokar gwaji kafin aure a watan Mayun 2024, har da ciwon hanta. Waliyyi a Ƙaura ba ya buƙatar jiran doka. Liman ma yana iya tambayar takardar gwaji kafin a raba goro, ta ango da ta amarya.

Mai ciki da ba ta je awo ba tana caca da ran jariri. Idan uwa na da ƙanjamau ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 kan ɗauka. Da magani, ba sa kai biyar. Tunjere kuwa ɓari yake sawa, ko a haifi ɗa babu rai. Sai a ce wabi take yi, a shiga neman laya. Allurar fenisilin ce maganinsa.

Ciwon sanyi mun raina shi. Mutum ya ji zafin fitsari, ya leƙa kemis, ya sayi kafso huɗu. Zafi ya lafa, ya daina sha. Matarsa ba wanda ya yi wa magani, ita kuma sau da yawa ba ta jin komai. Cutar ta haura ta toshe hanyar ƙwai. Bayan shekara uku a ce juya ce, a yi mata kishiya, kishiyar ma ta ɗauka. Gyambo ko ƙurji a gaba kuma ƙofa ce a buɗe ga ƙanjamau. Mai magani da lasifika a tasha ba ya gwada jini.

Ga aska. Binciken nan na 2018 ya samu kusan mutum takwas cikin 100 na manya da ciwon hanta nau'in B, wanda ya fi ƙanjamau saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba. Askar wanzami ɗaya a kan mutum goma. Ƙaho. Rezar mai yankan farce. Allurar da aka riga aka yi wa wani. Ku sayi reza sabuwa, musamman ranar askin suna. Jariri kuma a yi masa rigakafin hanta cikin awa 24 da haihuwa.

Abin takaici, inda babu haɗari can muke kai tsoronmu. Sauro ba ya ɗaukar ƙanjamau. Cin tuwo kwano ɗaya, musabaha, buta, sahun salla, duk ba sa yaɗa ta. Tsangwama ce ke sa mai ita ya ɓoye, ya ƙi karɓar maganin da ake bayarwa kyauta. Wanda ke sha kullum har ƙwayar ta kwanta a jininsa ba ya shafa wa matarsa. Wanda ya yanke saboda hanyar Gusau ta yi zafi, cutar za ta taso masa, maganin ma yana iya daina yi. Ya nemi a ba shi na watanni a haɗe tun kafin na hannu ya ƙare.

Wadda abin ya faru da ita daren Litinin, wa'adinta daren Alhamis ne. A nemo babur tun safiyar Talata.