Dabarun Hira da Masu Ilmin Gargajiya Wajen Shirya Fim na Adana Tarihi: Misali Daga Ƙasar Kabi

1.0 Gabatarwa

Bikin kamun kifi na Argungu, wanda Hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun 'yan Adam abin kiyayewa a shekarar 2016, ya daɗe yana jawo masu ɗaukar fim. Kyamara tana iya ɗaukar dubban masunta sa'ad da suka faɗa Matan Fada da homa da gora, amma ba ta iya ɗaukar abin da masunci ya sani game da ruwa. Wannan sani yana bakin tsofaffi a Argungu da garuruwan fadama irin su Gulma, kuma ba a samun sa sai ta hanyar hira. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa hirar ba ta yin albarka sai mai tambaya ya bi ladubban maganar mutanen da ya je wa.

2.0 Neman Izini da Gaisuwa

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Baƙon da ya isa Gulma yakan fara da ƙofar hakimi, shi kuma ya haɗa shi da wanda zai kai shi wurin masu sana'a. A Argungu kuwa, maganar ruwa tana da masu ita, wato Sarkin Ruwa da Homa, kuma ƙaramin masunci ba ya sakin baki a kan abin da ya shafi muƙaminsu idan an tsallake su.

Ziyarar farko ta gaisuwa ce kawai, ba a zuwa da kyamara. A nan ne ake bayyana wa mutum abin da fim ɗin ya ƙunsa da inda za a nuna shi. Wajibi ne a gaya masa cewa hoto a yau yana yawo a wayoyin hannu, har jikokinsa da abokan adawarsa za su iya gani. Izinin hakimi ba ya maye gurbin yardar mai magana, haka kuma izinin maigida ba ya maye gurbin yardar matarsa. Mata masu bandar kifi da gyaran shinkafa sun fi sakewa idan mace ce ke yi musu tambaya.

3.0 Tsarin Tambaya

Tambayar da amsarta ita ce i ko a'a ba ta da amfani a fim, domin ladabi yakan sa dattijo ya gaskata baƙo ko da bai yarda da shi ba. Idan aka ce, "Baba, da kifi ya fi yawa, ko?" amsar ita ce, "Ƙwarai kuwa." Idan kuwa aka ce, "Baba, ranar da ka fara kama giwan ruwa, yaya aka yi?" sai labari ya zo da sunan gurbi da yanayin ruwa da mutanen da ke wurin. Daga nan ne shi da kansa zai kai ga yadda ambaliya ta sauya bayan gina madatsun Bakolori da Goronyo.

Tsofaffi da yawa ba sa ƙirga shekaru da lambobi. Maimakon a matsa musu da "a wace shekara", sai a auna labarin da abin da kowa ya sani: zamanin Sardauna ne, wato kafin 1966? An riga an canza kuɗi zuwa naira, wato bayan 1973? Ko an ƙirƙiro Jihar Kebbi, wato bayan 1991?

Bugu da ƙari, shiru ma magana ce. Dattijo yakan dakata don ya auna abin da ya kamata ya faɗa, kuma sau da yawa abin da ke biyo bayan shirun shi ne gundarin hirar. Mai tambaya ya kame bakinsa, ya riƙa gyaɗa kai maimakon "na'am" da "haka ne", don kada muryarsa ta hau ta mai magana a faifai.

4.0 Kunya da Asiri

Akwai tambayoyin da al'ada ta rufe ƙofarsu. Tsohuwa ba ta ambaton sunan mijinta, kuma iyaye da yawa suna ɓoye sunan ɗan fari. Wanda ya nace a kan haka a gaban kyamara ya tozarta mai magana. Irin waɗannan sunaye ana neman su daga baya a bakin wani.

Haka kuma sarkanci yana da asirinsa, kamar maganin fitar da ƙayar kifi da ta maƙale a wuya. Ana iya tambayar masunci daga wa ya gada da kuma wa zai bar wa, amma ba a tambayarsa haɗin maganin. Idan ya ce a kashe na'ura, to a kashe da gaske.

5.0 Karin Harshe

Mutanen Kabi suna magana da Hausar yamma: "munka tahi" a maimakon "muka tafi", "wanga gari" a maimakon "wannan gari". Mai tambaya da ya zo da Daidaitacciyar Hausa yakan sa mai magana ya fara gyara harshensa ba tare da ya sani ba, sai fim ya rasa wani ɓangare na abin da ya zo adanawa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Saboda haka ya fi kyau ɗan ƙasar ya yi tambayoyin, kuma wajen rubuta hirar a bar kowace kalma yadda aka furta ta.

6.0 Wuri da Lokaci

Masunci ya fi bayani a bakin ruwa da kayan aikinsa a hannu. Idan yana zaune a tabarma, a sauke kyamara daidai fuskarsa, domin ba ladabi ba ne a tsaya a kan babba. A guji iskar hunturu da ƙarar injin niƙa, a kuma kauce wa lokutan salla da ranar kasuwa da kwanakin yankan shinkafa.

7.0 Tarihi Mai Fuska Biyu

Birnin Kebbi ta faɗa hannun masu jihadi a 1805, kuma a yau ita ce mazaunin Sarkin Gwandu, alhali zuriyar sarautar Kabi tana Argungu. An shafe shekaru masu yawa ana gaba, kuma bikin da aka sani a yau ya samo asali ne daga ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934. Labarin waɗannan yaƙe-yaƙe yana da ruwaya fiye da ɗaya. Mai fim ya saurari kowane ɓangare a keɓe, kada ya kai maganar wani ga wani don ya tsokano martani, domin shi zai tafi, su kuwa maƙwabta ne.

8.0 Mayar da Fim ga Masu Shi

Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki fim na farautar dorina tare da Sarkawan kogin Kwara a ƙasar Nijar, ya kuma koma Ayoru a 1954 ya nuna musu. Suka ce masa kiɗan da ya sa a wurin farautar kuskure ne, domin kiɗa yana ƙara wa dorina ƙarfin zuciya, farauta kuwa da shiru ake yin ta. Shekarun da ya yi tare da su ba su sa ya gane haka ba sai da suka ga fim ɗin da idonsu. Wanda ya yi hira a Gulma, ya kamata ya koma ya nuna wa masu magana aikin kafin ya fitar da shi, ya gyara abin da suka gyara, ya rubuta sunayensu da muƙamansu daidai, ya kuma bar musu kwafe.

9.0 Kammalawa

An ga cewa nasarar hira ta dogara ga izini, da irin tambaya, da kiyaye kunya da asiri da karin harshe. Malaman da ke tura ɗalibai binciken fage ya dace su koyar da waɗannan ladubba kafin su koyar da riƙon kyamara, domin tsohon da aka ɓata wa rai sau ɗaya ba ya sake buɗe baki ga wanda zai zo daga baya.