Waƙoƙin Lokacin Toho a Littattafan Yara na Ingila, da Matsalar Kalmar "Bazara"

A Ingila akwai al'adar ɗaukar waƙoƙin tsofaffin mawaƙa a kan lokacin da ke bin hunturu, a yi musu zane, a buga domin yara. Al'adar ta daɗe. A 1789 William Blake ya fitar da Songs of Innocence a Landan, kuma a cikinsa akwai waƙa a kan wannan lokaci. Blake ya kan rubuta baiti da zanensa a bisa faranti guda na jan ƙarfe, ya buga, sa'an nan a shafa launi da hannu. A shafin wannan waƙa ana ganin uwa riƙe da jariri, yana miƙa hannu wajen tumaki. Kofen da aka yi kaɗan ne, don haka 'yan yara ƙalilan suka gan shi a zamaninsa. A wajen 1879 kuwa, mai ɗab'i Edmund Evans ya buga littafin Kate Greenaway da launuka ta hanyar sassaƙaƙƙen katako, littafin kuma ya shiga gidaje.

Abin da ya shafi malamin Hausa shi ne sunan lokacin. An saba fassara shi da "bazara", domin watanninsu ɗaya, wato Maris zuwa Mayu. Amma a watanni kaɗai suka haɗu. Yaron Landan ya fito daga hunturun da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, itatuwa tsirara. Ganin toho da ɗumin rana, a wurinsa, sauƙi ne bayan wuya. Yaron Kano kuwa, bazara a wurinsa ita ce wuyar: zafi mai hana barci, rijiyoyi sun ja baya, rumbu ya yi ƙasa, kowa na duban gabas. In aka ce masa mawaƙi na murna da bazara, sai ya ɗauka mawaƙin ya zautu.

Murnar da ke cikin waɗannan waƙoƙi, a ƙasar Hausa farkon damina ne ke da ita: ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari, fitar shuka, yara na guje-guje cikin yayyafi. Ko da ya ke wannan ma ba ta dace sarai ba, gama can haske da ɗumi a ke jira, nan kuwa ruwa.

A nan ne zanen ke da amfani. William Wordsworth ya yi waƙa, wadda aka buga a 1807, a kan waɗansu furanni masu ruwan ɗorawa da ya gani a bakin tafkin Ullswater. Furen ba shi da suna a Hausa, kuma bayani ba ya kawo shi gaban ido. Zane ya kan kawo shi nan take. Malamin da ya fara da nuna hoton hunturu, sa'an nan na toho, ya bar yara su faɗi bambancin da bakinsu, ya rage wa kansa rabin aiki kafin ya karanta baitin farko. In dole sai an sa suna, "lokacin toho" ya fi "bazara" kusa da nufin mawaƙan.