Gyara Kafin Rabo: Bayani Kan Taraktar Waƙafi

A zagayen da muka yi na masallatan Juma'a a ƙasashen Ɗambatta, Makoɗa da Kunci bayan girbi, tambaya ɗaya ce ta yi ta maimaituwa: me ya sa abin da aka raba wa marayu da iyayensu mata daga kuɗin hayar tarakta ya ragu bana, alhali an ga motar a gonaki? Masu tambayar suna da haƙƙin jin amsa, domin dukiyar amana ce a hannunmu. Dalilin shi ne mun fara fitar da kuɗin gyara kafin mu yi rabo, kuma haka za mu ci gaba da yi, in Allah Ya yarda.

Taraktar, wadda manoma ke kira tantan, ƙarama ce ƙirar Massey Ferguson mai injin Perkins, silinda 3, ƙarfinta bai kai doki 50 ba. Wani bawan Allah ne ya yi waƙafinta bayan ta riga ta kwana biyu a hannunsa. Ƙanƙantarta ce ta sa ta dace da wannan yanki. Gonakin arewacin Kano ƙanana ne, gado ya rarraba su, ga gawo da ɗorawa da kuka a tsakiyarsu, ga iyakokin gamba, babbar tarakta ba ta samun wurin juyawa. Daminar kuma gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba. Wanda bai samu huɗa ba a makonnin farko bayan ruwan shuka, gyaɗarsa ko dawarsa za ta shiga kaka ba ta gama nuna ba.

A daidai wannan lokaci ne motar ta tsaya mana bana. Ƙaiƙayi da ƙura sun toshe fuskar lagireto, inji ya ɗauki zafi, direba kuma ya ci gaba da aiki saboda layin masu jira ya yi tsawo, har gaskit ya ƙone. Da makanike ya buɗe, sai ya tarar ruwan da ya gauraya da man gas ya fara cin famfon injekta. Kusan mako biyu muna zirga-zirga tsakanin gareji da Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, inda farashin kayan gyara na waje ya yi tashin gwauron zabo tun faɗuwar darajar naira a 2023. Gonakin marayu da muka yi alkawarin nomewa kyauta su ne suka fi makara, domin masu hali sun nemi garmar shanu sun biya. Ba mu ɗora wa direba laifin ba. Laifinmu ne, domin shekaru muna raba duk abin da motar ta kawo, ba mu ajiye mata komai ba.

Abubuwa uku ne ke kashe tsohuwar tarakta a ƙasarmu. Na farko ƙura. Ƙasarmu jigawa ce, kuma idan rairayi ya wuce matatar iska ya shiga inji, yakan goge ringi da bangon silinda sannu a hankali, har inji ya fara shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi. Maganinsa duba matatar kullum a lokacin aiki. Na biyu gurɓataccen man gas. Famfon injekta da nozul suna aiki da ma'auni mai matuƙar ƙanƙanta, ɗan ruwa ko datti daga jarka ya isa ya lalata su. Don haka ake barin mai ya kwanta kafin a zuba, a tace shi, a kuma tsiyaye ruwan da ya taru a ƙasan filta. Na uku zafi: a share fuskar lagireto kowace safiya, a zuba ruwa mai tsabta, a duba ƙarfin bel ɗin fanka. Bayan waɗannan akwai giris a kowace gaɓa kullum, da sauya baƙin mai da filtarsa bayan kimanin awa 250 na aiki ko yadda littafin motar ya tsara. Duk wannan hidima ba ta kai kuɗin sauke inji sau ɗaya ba.

Shari'a ta riga mu tsara wannan al'amari. Asalin waƙafi shi ne a tsare tushen dukiya a sadaukar da amfaninta, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya shiryar da Sayyidina Umar (RA) game da gonarsa ta Khaibar. Malaman mazhabar Malikiyya sun halatta waƙafin abin da ake iya ɗauka, irin su dabbobi da kayan aiki, kuma ya tabbata cewa Khalid ɗan Walid (RA) ya yi hubusin sulkunansa da kayan yaƙinsa saboda Allah. A Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, an bayyana cewa da gyaran abin waƙafi da ɗawainiyarsa ake farawa daga amfaninsa, ko da mai waƙafin ya sharɗanta akasin haka, ba a bin sharaɗin. Hikimar a fili take: idan tushe ya lalace, sadakar ta daina gudana. Littafin ya kuma nuna cewa abin waƙafi wanda ba gida ko fili ba, idan ya daina amfani, ana sayar da shi a sa kuɗinsa a irinsa. Wannan ita ce makomar taraktarmu wata rana, sai dai makanikai sun tabbatar mana ranar ba ta zo ba.

Wasu 'yan'uwa sun ba da shawarar a ɗebi kuɗin gyara daga asusun zakka. Ba mu yi haka ba. Allah Ya iyakance masu cin zakka gida 8 a aya ta 60 ta Suratut Tauba, ba mu ga hujjar juya haƙƙin faƙiri zuwa sayen ƙarfe ba. Asusun zakka daban, na waƙafi daban.

Kwamitin amintattu ya yanke cewa daga yanzu sulusin kuɗin haya zai shiga asusun gyara kafin kowane rabo. Za a yi babban duba a watan Afrilu, tun ruwa bai sauka ba. Direba zai riƙa rubuta awannin aiki da man da aka zuba a littafi, kuma an ba shi ikon kashe inji duk lokacin da allurar zafi ta haura, ko gonar waye yake ciki.

Roƙonmu ga kwamitocin masallatai shi ne ku tattara sunayen gonaki tun da rani, ku haɗa na kusa da juna a rana ɗaya, domin yawo tsakanin ƙauyuka yana cin taya da mai ba tare da an nome ko kunya ɗaya ba. Ku sa gonakin marayu a farkon layi, ku kuma taimaka wajen karɓar kuɗin haya a kan lokaci. Ga masu bayarwa kuwa, mun san sayen sabon abu ya fi daɗin ambato a kan sayen filta da giris. Amma wanda ya taimaka sadakar ɗan'uwansa ta ci gaba da gudana, muna kyautata zaton yana da rabo a ladanta. Ƙofar asusun gyara a buɗe take, littafinsa kuma yana ofishin sakatare ga duk mai son dubawa.

Allah Ya karɓa daga wanda ya yi waƙafin da waɗanda suka tallafa, Ya yafe mana gazawarmu, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.