In Wutar Walda Ta Ƙi Zama

A ƙasar Malumfashi da Funtuwa da garmar shanu muke huɗar masara da auduga. In garma ta karye, sai mu kai wa mai walda. Wani lokaci wutar takan yi ta yankewa, tana watsa tartsatsi. Irin wannan gyara ba shi da ƙarko. Ga dalilai huɗu.

Na ɗaya, tsatsa ko fenti ko maiƙo. Lantarki ba ya ratsa su sosai. A kankare ƙarfen ya yi fes.

Na biyu, wayar da ake maƙala wa ƙarfen ta yi sako-sako. A matse ta, kusa da karayar.

Na uku, sandar walda ta sha laima. A ajiye sanduna a busasshen wuri.

Na huɗu, iska. Akwai injin da ake kira MIG, mai tura siririyar waya tare da gas. Gas ɗin ke kare narkakken ƙarfe. In iska ta kwashe shi, sai waldar ta yi huji-huji. A kafa kariya.

Mu gyara garmarmu tun da rani. In ta karye ran huɗa, damina ba ta jiran kowa.