Man Birki Ba Maganin Yoyon Sitiyari Ba Ne

Akwai wata magana da ke yawo a garejoji da majalisun samari masu son tsofaffin motocin gudu, irin su BMW E36 da Honda Prelude da Toyota Celica. Wai idan sitiyari ya fara ɗigon mai, a tsiyaya masa man birki kamar murfi biyu, yoyo zai ɗauke. Wallahi na gaji da jin ta. Abin haushin ma, mai ba da wannan shawara yakan rantse ya gani da idonsa, kuma ba ƙarya yake yi ba, yoyon kan ɗauke ɗin. Sai dai ba ya nan ranar da za a kawo lissafin gyara.

Rak ɗin sitiyari, kamar yadda makanikai ke kiransa, sandar ƙarfe ce mai haƙora a kwance tsakanin tayoyin gaba. Famfo ke tura mai a cikinsa da ƙarfin da kan kai bar 70 zuwa 100, 'yan zobban roba da ake kira sil su ke tsare man. An fara ƙera E36 a 1990, aka daina a 2000, ke nan ko autarsu ta ba shekara 20 baya. Roba mai wannan shekaru dole ta ƙandare ta fara zubarwa.

To me man birki ke yi? Sil ɗin sitiyari an yi shi ne don man da aka tace daga ɗanyen mai. Man birki, DOT 3 da DOT 4, daga wani sinadari ne daban mai suna gilaikol, robar da ke jure shi ma daban take. Da ya taɓa sil ɗin sitiyari sai sil ya kumbura ya toshe kafar, mai mota ya yi ta murna. Alhali lalacewa ce ta fara. Robar za ta yi laushi ta fara marmashewa, ɓurɓushin ya bi mai ya shiga famfo. Kuma man bai san wane sil ne ke yoyo ba, duk wanda ya tarar ci yake yi, har da cikin tiyo. An bar jaki ana dukan taiki, domin sau da yawa ma ba rak ɗin ne ke yoyo ba.

Ba a nan ta tsaya ba. Man birki yana shan ruwa daga iska. Ruwan ya sauka kan sandar nan mai santsi, tsatsa ta yi mata ƙananan ramuka. Daga nan magana ta ƙare, sabon sil ɗin da aka saka ramukan ne za su yanka shi cikin kwanaki. Rak ɗin da canjin roba ya isar masa ya zama na yarwa. Famfo kuma, da ya rasa santsin da yake buƙata, sai ya fara kuka a kowace kwana. Makaniken da ya san wannan ya zuba wa mutum, ya ci amana. Sitiyarin da ya ƙage wa direba a kwana rai yake ɗauka, ba na mai motar kaɗai ba.



Gyara na gaskiya kuwa, kafin a kwance komai, a wanke ƙasan motar a gano inda man ke fitowa. A BMW na wancan zamani, tiyon da ke ƙarƙashin gwangwanin mai shi ne ya fi zubarwa, gyaransa kuwa ba tsada. A matsa robobin nan masu lanƙwasa da ke rufe bakin rak dama da hagu. In akwai mai a ciki, sil na ciki ya mutu. A fito da sandar a duba ta a rana, in tana ƙyalli ba tabo, a sa sababbin sil gaba ɗaya, ba ɗaya tal ba. In ta yi tsatsa ko ta karkace, a nemi wani rak.

Mai zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman rak na hannu, wato na Baljiyam, ya tafi da tsohon a hannu. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu na hagu, don haka rak ɗin motar Ingila ko Japan mai sitiyari a dama ba zai zauna ba, komai daɗin bakin mai shago. A juya shi da hannu daga ƙarshe zuwa ƙarshe, a ji ko yana sarƙewa.

Wajen kwancewa, a miƙe tayoyi a ɗaure sitiyari, domin in ya yi ta juyawa shi kaɗai zai tsinka wayar hon da ta jakar iska. A zubar da tsohon mai kaf, a canza gwangwanin in matatarsa a ciki take. Irin man kuma a karanta a kan murfi ko a littafin motar. Wasu BMW jan man giya na ATF suke sha, wasu koren CHF 11S, Honda kuwa nata na musamman take so. Sai a ɗaga gaban motar a juya sitiyari dama da hagu injin a kashe, har kumfa ta daina fitowa, sannan a tayar. Daga gareji a wuce wajen masu saita taya kai tsaye, in ba haka ba tayoyin gaba za su cinye ta gefe ɗaya.