Likitan Zariya Da Ciwon Da Aka Ce Ba Namu Ba Ne

Jama'a, da yawanmu a Adabraka, Nima da Maamobi muna da dangi a Zariya, ko kuwa wani namu ya je can neman ilimi. Amma kaɗan ne suka san cewa wani likita da ya yi shekara goma a garin ya jefa wata tambaya da masana garkuwar jiki suke ta juyawa tun daga lokacin.

Sunansa Brian Greenwood, mutumin Ingila. Ya zo Nijeriya a 1965, ya fara aiki a babban asibitin koyarwa na Ibadan. A can ya lura da wani abu. Akwai cututtukan da garkuwar jiki ce da kanta take juyowa ta yaƙi mai ita, kamar kare ya ciji ubangidansa. Irin waɗannan sun yi yawa a asibitocin Turai, amma a Ibadan da ƙyar yake cin karo da su. A 1968 ya rubuta a mujallar Lancet cewa watakila zazzaɓin cizon sauro da sauran ƙwayoyin da muke fama da su tun muna goye su ne suke ladabtar da garkuwar. A 1970 shi da abokan aikinsa suka sa wa wasu ɓeraye masu gadon irin wannan ciwo maleriya, sai ciwon ya lafa. A shekarar nan ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya duƙufa kan maleriya da sanƙarau har 1980, sannan ya wuce Gambiya.

Cikin waɗannan cututtuka akwai wanda likitoci ke kira MS. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da riga, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Garkuwar jiki sai ta dinga cinye rigar, saƙo ya kasa wucewa. Ido ɗaya ya dushe, ƙafa ta yi nauyi ko ta mutu, bayan 'yan makonni abin ya lafa, can kuma ya dawo. Ya fi kama mata, yawanci tsakanin shekara 20 da 40. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 2.8 ke da shi a duniya, kuma ya fi yawa a ƙasashen sanyi.

Tunanin Greenwood bai tsaya a nan yankin ba. A 2007 likita Jorge Correale na Ajantina ya ba da labarin masu MS 12 da ke da tsutsar ciki da wasu 12 da ba su da ita. Cikin shekara huɗu da 'yan watanni, ciwon ya tashi wa masu tsutsa sau 3, waɗancan kuwa sau 56. Sai dai da aka gwada sa wa marasa lafiya tsutsar da gangan a Nottingham ta Ingila, sakamakon da ya fito a 2020 bai nuna wani bambancin kirki ba. Don haka kada wani ya ce mun hana shi bai wa yaransa maganin tsutsa. Shi kansa Greenwood yaƙi da maleriya ya sa gaba, yana cikin waɗanda suka fara gwada gidan sauro mai magani a Gambiya. A nan Gana gwajin Navrongo da Fred Binka ya jagoranta ya nuna a 1996 cewa gidan sauron ya rage mutuwar yara da kashi 17 cikin 100.

Abin da ya dame mu shi ne yadda "ciwon ba shi da yawa a Afirka" ta rikiɗe ta zama "ciwon Turawa ne". Ciwon da yakan zo ya tafi, a Zango mun san sunan da ake ba shi: iska, ko sammu, ko an taka sawun wani abu. Yarinya ta sha rubutu, idon ya washe don kansa, kowa ya ce an dace. Mu ba mu raina addu'a ba, amma kowane tashi na ciwon yana iya barin tabo a jijiya, kuma magungunan da ke rage tashin sun fi amfani idan an fara da wuri. Gano shi yana buƙatar likitan jijiya da hoton ƙwaƙwalwa na na'urar MRI. Wanda ya ga waɗannan alamu sau biyu, ya nemi asibitin unguwa ta rubuta masa takardar zuwa Korle Bu.